Itacen girki na neman gagarar mu, mu koma ƙona kara?

Maman Sadiya:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu zama a karkara ina neman shawara. Itace yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu, yara su fita da safe sai rana ta take su dawo da ɗan ƙirare da bai wuce girki biyu ba, shi ne maigida yace bana bayan girbi mu kwashe duk karan gona mu tara a gida mu riƙa hura wuta dashi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ba zai cutar da gonar ba kuwa?

Manomi Tsoho:
Wa alaikissalam. Zai cutar mana, ba a shekara ɗaya za ku gani ba dai. Karan nan da ake bari shi yake rufe ƙasa iska bata kwashe ta, gara ta ci, dabbobi su bi su ci su zubar da kashi, duk taki ne kyauta. In kuka share gona tas kowace shekara ƙasar zata yi fari ta koma rairayi. Kuma kara ba ya garwashi, fuuu ya cinye, sai kin tsaya a kai kina turawa. Ku ɗebi kaɗan na kunna wuta ku bar sauran.

Hajiya Talatu:
Ni tambaya ta ƙanwata, wane irin murhu gareki? In duwatsu uku ne a fili to rabin wahalar daga nan take, wutar tana fita ta gefe iska na kaɗa ta, abinda ke isa gindin tukunya bai taka kara ya karya ba. Ki kwaɓa laka ki zagaye murhun daidai girman tukunyarki, ki bar ƙofa ɗaya ta sa itace da ɗan tsakani a sama inda hayaƙi zai fita, wlh zaki ga bambanci. Sannan ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta gama busar dashi kafin ta dafa miki komai, shi yasa yake ta kumfa a gindi yana tsss. A faskara shi sirara, a jera a kan dutse kar ya taɓa ƙasa. Kuma ki rufe tukunya, mata da yawa basa yi.

Dan Malam:
Hayaƙin ma ba wasa bane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 suka rasu a 2020 saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida. Kar a riƙa girki da goyo a ɗakin da ba taga.

Manomi Tsoho:
Na manta ban faɗa ba, ki cewa maigida lokacin sharar gona ya daina tumɓuke kututture. Duk wanda ya yi toho a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran, jijiyar tana nan da ranta don haka yafi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Sassaben zamani kenan, manoman Maraɗi a Nijar sun fara tun shekarun 1980, yau miliyoyin hekta sun farfaɗo. In gawo ne ma ya fi, da damina yake zubar da ganye baya yiwa shuka inuwa.

Maman Sadiya:
Na gode ƙwarai. Hajiya lakar ana haɗa ta da wani abu ne ko zallanta? Kar ta tsage min in wuta ta kama.

Hajiya Talatu:
Ki sa yankakkiyar ciyawa da ɗan yashi, ki bari ya bushe a inuwa sosai kafin ki hura.