Ina waƙar take a cikin Zabura, tunda babu amsa-amo?

Ɗan Samaru:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ƙungiyar matasa ta majami'armu a nan Samaru ta tsara nazarin Zabura na mako shida, awa ɗaya kowace Laraba da yamma, kuma ana so a karanta ta a matsayin waƙa, ba a riƙa tsintar aya ɗaya-ɗaya kamar yadda aka saba ba. To, a darasin Hausa an koya mana cewa waƙa tana da baiti da ɗango da kari da amsa-amo. A Zabura kuwa babu ɗangon da ya ƙare da harafin ɗan'uwansa, sai maimaici kawai ake gani. Shin fassara ce ta cinye waƙar, ko dama haka take? Ta ina ake kama ta, kuma da wace Zabura ya kamata a fara?

Malamin Adabi, Kongo:

Ɗan'uwa, kana neman amsa-amo ne a inda ba a taɓa ajiye shi ba. Ko a Ibrananci, harshen da aka rubuta Zabura da shi, ba a gina waƙa a kan harafin ƙarshe iri ɗaya ba, saboda haka ka sauke wa masu fassara wannan laifin. Rubutacciyar waƙarmu daga Larabci ta gaji ƙafiya, wato amsa-amo, da kari. Ta Ibraniyawa kuwa ma'ana ce ke amsa ma'ana: ɗango na fari ya faɗi magana, na biyu ya karɓe ta ya ƙara mata nauyi, ko ya juya ta, ko ya kawo kishiyarta. Robert Lowth, malamin waƙa a Jami'ar Oxford wanda daga baya ya zama bishop, shi ya shahara da fayyace wannan a laccocinsa da aka buga a 1753. Abin da ka kira maimaici, shi ne ƙashin bayan waƙar.

Ku yi aikin da biro da takarda. Kowa ya kwafe Zaburar da hannunsa ba tare da lambobin ayoyi ba, kowane ɗango a layinsa, na biyun a ɗan tura shi ciki kaɗan. A karanta da ƙarfi sau biyu. Sannan a ja layi tsakanin kalmomin da ke amsa juna a ɗangwayen biyu, a yi tambaya ɗaya tak: me na biyu ya kawo wanda na fari bai da shi?

Ɗauki Zabura 1:1. Mutumin da aka yaba ba ya tafiya cikin shawarar mugaye, ba ya tsayawa a hanyar masu zunubi, ba ya zama a mazaunin masu ba'a. Tafiya, tsayuwa, zama. Duk wanda ya san majalisar mai shayi ya san wannan hoton: yau ka ratsa ka ɗaga hannu, gobe ka tsaya ana gaisawa, jibi an matsa maka wuri a benci. Wanda ya ce “ai magana ɗaya ce sau uku” ya rasa gangaren da mawaƙin ya shimfiɗa. Ku kuma lura da rabon kalmomi a gaba: itacen bakin rafi ya sami aya guda cike da 'ya'ya da ganye, mugaye kuwa ɗan guntun ɗango kawai aka ba su, ƙaiƙayi ne da iska ke kwashewa. Gajartar ma magana ce. Ƙaiƙayi ba ya daɗewa a masussuka, haka bai daɗe a waƙar ba.

Kuskure biyu ne ke yawan faruwa, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko, a tsallake ɗango na biyu don an ɗauka an riga an ji shi. Na biyu ya fi ɓarna: a raba tagwayen kalmomi, a gina wa kowace nata wa'azin, alhali mawaƙin ya jera su ne su ɗauki kaya ɗaya tare. Lambobi ma haka suke. Al'adar waƙar ce a faɗi lamba sannan a ɗaga ta: shida da bakwai a Karin Magana 6:16, uku da huɗu a Amos sura 1 da 2, dubu da dubu goma a Zabura 91:7. Ba lissafin kasuwa ba ne. Kirarin da mata suka yi a 1 Sama'ila 18:7, Shawulu dubbai, Dawuda dubbai goma, a kan wannan salon yake, sai dai an sa sunan yaro a ɗangon da ya fi nauyi, sarki kuma ya ji zafin hakan nan take.

Uwar Zumunta, Wusasa:

Malam ya yi bayanin ido, bari in ƙara na kunne. Ɗana, Zabura ta fi kusa da waƙar baka fiye da rubutacciya, don haka ka nemi amshi kafin komai. Zabura 136 tana da ayoyi 26, kowace ta ƙare da magana ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Idan mutum ɗaya ya karanta ta shi kaɗai, kafin aya ta goma jama'a sun fara hamma. A raba ta: mutum ɗaya ya ja, saura su amsa, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Mai ja kada ya jira amshin ya mutu kafin ya ɗauko na gaba, nan ne ake kashe ta.

Amshi kuma shi ke nuna inda baiti ya ƙare. A Zabura 107 yana aya ta 8, 15, 21 da 31, kowane yana rufe labarin wasu mutane daban: ɓatattu a jeji, fursunoni, marasa lafiya, matuƙan jirgin ruwa. Zabura 42 da 43 kuwa ku haɗa su a zama ɗaya, domin amshi ɗaya ne ya ɗinke su, a 42:5, 42:11 da 43:5. Inda kuka ga “Sela”, alama ce ta mawaƙa, sau 71 ta zo a Zabura. Ba sai an furta ta ba, a yi shiru na numfashi biyu ya wadatar.

Ga yadda zan raba makonnin: 1, sai 136, sai 13, sai 23, sai 42 da 43, a rufe da 19. Awa ɗayan kuma: minti 10 karatu da murya, 15 kwafewa da jan layi, 20 tattaunawa, 5 sake karantawa bayan an gane ta, sauran addu'a. Kada mai jagora ya buɗe littafin sharhi kafin minti 45 su wuce, in ba haka ba kowa zai yi shiru yana jiran amsar da aka riga aka dafa.

Zabura 13 ta fi kowace sauƙin koyarwa. Ayoyi shida, kashi uku, bibbiyu. Na farko kuka, “har yaushe” sau huɗu a jere. Na biyu roƙo. Na uku dogara da alkawarin waƙa. Ku sa matasa su nemo ainihin kalmar da murya ta juya a kanta. A ta 23 kuma ku bi wakilin suna: daga aya ta 1 zuwa ta 3 ana magana a kan Ubangiji, “yana bi da ni”, amma da aka shiga kwarin duhu a aya ta 4 sai aka koma “kana tare da ni”. Mutane da yawa sun haddace ta tun suna makarantar Lahadi ba su taɓa lura ba.

Ɗan Samaru:

Na gode Malam, na gode Mama. Saura abu biyu. Wasu dattawa da zarar sun ji kalmar “adabi” sai su ɗauka ana mai da Maganar Allah tatsuniya ne. Me za a ce musu? Kuma da gaske babu abin da fassara ta zubar?

Ɗalibin Ibrananci, Tudun Wada:

Ta zubar, sai dai ba amsa-amo ba. Abu biyu ne ba sa ƙetare fassara.

Na ɗaya jerin baƙaƙe. Ibrananci yana da baƙaƙe 22, kuma akwai waƙoƙin da aka jera a kansu daga na farko zuwa na ƙarshe. Zabura 119 baiti 22 ce, kowane da ayoyi 8 da suka fara da baƙi ɗaya, shi ya ba da 176. Shi ya sa ba ta tafiya kamar labari, kuma wanda ya nemi ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe yana neman zaren magana zai gaji a banza. Baiti ɗaya a zama ɗaya ya isa. Littafin Makoki ma haka: sura 1, 2 da 4 ayoyi 22 kowace, sura 3 ayoyi 66, uku ga kowane baƙi, sura 5 kuma tana da 22 amma jerin ya watse. Yabon mace ta gari a Karin Magana 31:10-31 shi ma jerin baƙaƙe ne.

Na biyu wasa da sauti. A Amos 8:1-2 an nuna wa annabin kwandon nunannun 'ya'yan itace, *kayits*, sai aka ce masa ƙarshe, *kets*, ya zo. A Irmiya 1:11-12 reshen itacen almon ne, *shaked*, amsar kuma ita ce Allah yana tsaro, *shoked*, a kan maganarsa. Mai karatu da Hausa zai ga kamar amsar ba ta dace da tambayar ba. Idan kun ci karo da irin wannan tsallen, ku duba ɗan bayanin ƙasan shafi kafin ku ƙirƙiro masa wata ma'ana. Tunda Mama ta sa Zabura 19 a ƙarshe, ga kyauta: a aya ta 6 babu abin da ke ɓoye daga zafin rana, a aya ta 12 mawaƙin yana roƙon a tsarkake shi daga ɓoyayyun laifuffuka, kuma tushen kalma ɗaya ne a Ibrananci. Ita ce igiyar da ta ɗaure rabin Zaburar mai magana a kan sama da rabin mai magana a kan shari'a.

Ku ajiye fassara biyu a kan tebur. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya yi shekaru yana aiki a nan Zariya, yana cikin manyan masu aikinsa. Waɗanda suka biyo baya sun fi sauƙin Hausa, amma fassarar da ta fi bin ma'ana takan dunƙule ɗango biyu su zama jimla ɗaya, ko ta canza kalmar da aka maimaita da gangan don gudun gundura. Inda biyun suka saɓa, nan ne wurin tsayawa.

Kada kuma ku yarda da lambar sura ido rufe. Ba marubutan ne suka sa ta ba: rabon surori na ƙarni na 13 ne, aikin Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila. Waƙar Bawan Ubangiji daga Ishaya 52:13 ta fara, ba 53:1 ba, kuma da ayoyi ukun nan ne take cika baiti biyar masu ayoyi uku-uku.

Tsohon Fasto, Sabon Gari:

Ɗana, kada ka yi gardama da dattawa a kan kalma. Ka bar “adabi” a aljihu, ka buɗe musu 2 Sama'ila 12. Annabi Natan bai shiga fada ya ce wa Dawuda “ka yi zunubi” ba. Labari ya ba shi na matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya da ke ci daga abincinsa, tana kwana a ƙirjinsa, har sarki ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan aka ce masa kai ne mutumin. Cire salon, ka cire abin da ya kama sarkin.

Rashin kula da zubi ne ma ke jawo ɓarna a kan bagade. Littafin Ayuba zube ne a sura 1 da 2 da kuma daga 42:7 zuwa ƙarshe, tsakiyarsa muhawara ce cikin waƙa, bakuna daban-daban. Ayar nan da ake yawan ɗagawa a taron addu'a, cewa za ka ƙudura abu ya tabbata, Ayuba 22:28 ce, kuma Elifaz, abokin Ayuba, ne ya faɗe ta. Ta ƙaramin mafari da babban ƙarshe, 8:7, ta Bildad ce, wani abokin nasa. A 42:7 kuwa Allah ya ce da Elifaz shi da abokansa biyu ba su faɗi daidai game da shi ba. Ban ce kowace kalmarsu ƙarya ce ba, amma ba a ɗauko ta a ce “Ubangiji ya yi alkawari”. Ku rubuta sunan mai magana a gefen kowace sura da fensir kafin ku fara.

Karin Magana 26:4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 ta ce ka amsa masa. Bahaushen da ke cewa sannu ba ta hana zuwa, ya kuma ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ba zai kira wannan saɓani ba.

Idan kun sami mako na bakwai, ku jera Littafin Mahukunta sura 4 da 5, abu ɗaya ne aka faɗa da zube sannan da waƙa. A 4:21 aya ɗaya ta gama da Sisera, shugaban sojojin Kan'aniyawa: yana barci, Yayel, matar da ya fake a tantinta, ta kafa masa turken tanti, ya mutu. A 5:27 waƙar ta riƙe shi yana faɗuwa, ya durƙusa sau uku, ya faɗi sau uku, a ayar guda. Daga nan ba gargaɗi ta tsallaka zuwa tagar mahaifiyarsa, tana leƙe tana tambayar abin da ya tsai da karusarsa, matan gidanta suna kwantar mata da hankali cewa ganima ake rabawa. A ba mace ta karanta ayoyi 28 zuwa 30, a hankali, kuma kada kowa ya yi sharhi sai ta kai ƙarshe.