Malamin ƙauye zai iya zuwa aikin sa-kai a ƙasar waje?

Malamin Gefen Ringim: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata sakandare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, ina da digiri bayan NCE (takardar shaidar koyarwa). A ƙarshen mako kuma ina taimaka wa malaman firamare da ke karatun NTI (Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa). Na ji ana tura malamai waje su horar da malamai. Ta ina ake bi? Ko sai ɗan birni mai uwa a gindin murhu?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumussalam. TAC (Technical Aid Corps) kake nufi, shirin da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ana tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, wa'adin shekara 2. Wasu a kwalejojin horar da malamai ake ajiye su, wato abin da kake yi yanzu. Nemi izinin ma'aikatarka a rubuce tun kafin komai, kada ka dawo ka tarar an cire sunanka daga albashi.

Maman Biyu: Malam, ka tafi wa zai riƙe ajin? A garinmu malami ɗaya ke haɗa aji uku ƙarƙashin darbejiya. Horon nan mu ma muna buƙata.

Malamin Gefen Ringim: Gaskiyarki, Hajiya. Amma 'yan VSO, ƙungiyar masu aikin sa-kai ta ƙasa da ƙasa, su ma garuruwansu suka baro suka zo mana. Ranka ya daɗe, iyali fa, ana tafiya da su?

Tsohon Hedimasta: Wannan ka tambaya ranar tantancewa. Ka fara shawara da uwargida tukuna.