Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan auna girman yara 'yan wasa

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda za a riƙa auna girma da shekarun yara 'yan wasa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Shekaru daban, girman jiki daban. Yara biyu masu shekara 14, ɗaya har gemu ya fara tsiro masa, ɗayan ko muryarsa ba ta buɗe ba. Kada koci ya yi saurin sallamar ƙaramin.

2. Mata sukan miƙe da sauri wajen shekara 12, maza wajen 14. A lokacin ne ciwon gwiwa da na dunduniya ke yawaita, don haka a sassauta atisaye.

3. A auna tsawo a tsaye da a zaune, da nauyi, duk wata uku, babu takalmi. Da safe ya fi, domin tsawon mutum yakan ɗan ragu zuwa yamma.

Inda aka rabu:

4. Hoton MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti) na wuyan hannu, don ƙiyasta shekaru: in ƙashin ya gama haɗewa, sai a ɗauka yaron ya wuce 17. FIFA ta fara amfani da shi a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 a Najeriya. Wasu sun ce ya rage ƙaryar shekaru. Wasu kuma sun ce ƙashin wani yaron yakan haɗe da wuri, sai a kore shi alhali gaskiya ya faɗa. Ni wannan ya fi damuna, musamman ga yaranmu marasa takardar haihuwa.

5. Haɗa yara wasa bisa girman jiki maimakon shekaru, kamar yadda makarantun ƙwallo suka gwada a Ingila. Masu goyon baya sun fi yawa, sauran suna ganin a yi shi jefi-jefi kawai.