An daki motata ta baya a Yamai: in karɓi kuɗin mutumin ko in bi asurans?

Maman Nafisa, Yantala

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar asurans. Ranar Talata da la'asar ina tsaye a fe ruj kan titin Mali Bero, wani bawan Allah da Hilux ya daki Corollata ta baya. Alhamdu lillahi ba jini, sai dai wuyana da ya fara riƙewa tun jiya. Parshok ya tsage, fitilar hagu ta fashe, kofur ba ya rufuwa sai da igiya. Ba mu gusa motocin ba har ƴan sandan konsta, masu rubuta rahoton haɗari, suka zo suka auna, suka duba takardunmu.

Mutumin bai yi gardama ba, ya ce laifinsa ne. Daga baya ya kira maigidana ya ce a bar zancen asurans, zai ba da jikka 70 a hannu. Mai garajinmu kuwa ya ce aikin ba zai gaza jikka 180 ba. Na je biro ɗin asurans ɗina, aka ce mini ai "tiyer" na yanka, ba su gyara tawa motar. To kuɗin da nake zubawa duk shekara na mene ne? Maigida ya ce mu karɓi saba'in ɗin mu cika sauran mu huta. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, kuma da motar nake kai yara lakkol in wuce aiki.

Ɗan Biro, Plateau

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Aikina ke nan, dosiyen haɗarin mota, bari in warware miki.

Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma rabi aka ba ki. Tiyer shi ne asurans ɗin dole da sashe na 200 na dokar CIMA (dokar asurans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka) ya ɗora wa duk mai mota. Dokar nan ta fara aiki a 1995, kuma ita ce Nijar da wasu ƙasashe 13 ke aiki da ita. Aikinsa ya biya ɓarnar da ke kika yi wa wani. Yau wani ne ya yi miki, don haka kamfanin mai Hilux ne zai biya ki, da tiyer ɗinsa shi. Kuɗinki ba su faɗi ba, juyin ne bai zo kanki ba.

Gobe da safe ki koma biro ɗinki da kwantiragin gaba ɗaya, ba ƴar takardar da ake nuna wa ɗan sanda kaɗai ba. Ki ce za ki yi deklarasiyo a rubuce, su buga miki kashe da kwanan wata a kan kofi ki riƙe. Sashe na 12 ya ce wa'adin da kamfani zai ba mutum ya sanar da haɗari ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, na sata kuma awa 48 ne. Yau Alhamis, kina cikin lokaci, amma kada ki bar shi ya shiga sati mai zuwa. Sannan ki ce su duba ko kina da garantin da ake kira "defans e rekur". Mutane da dama suna da shi ba su sani ba, don sau da yawa tare ake sayar da shi da tiyer. In yana ciki, kamfaninki ne zai bi kamfanin mutumin da sunanki. In babu, doka ta ba ki ikon kai buƙatarki kai tsaye wurin kamfaninsa.

Abin da za su nema: kofin permi, kart giriz, takardar asurans, hotunan ɓarnar, debi na garaji (takardar ƙiyasin kuɗin gyara), da rahoton konsta. Rahoton nan shi ne ke jan lokaci, ki riƙa bibiyar komisariya, kada ki zauna jiran su aiko. Ki tabbatar kuma asurans ɗin mutumin na da rai a ranar haɗarin. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, kwantiragi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. Wanda ya matsa a bar zancen asurans, wani lokaci tsoron wahala ne kawai, wani lokaci kuma takardarsa ce ta mutu.

Sai wuyan nan, shi ya fi damuna. Ki je asibiti yau ɗin nan a duba ki, ki karɓi takardar likita. Dukan baya yakan fizge wuya, ciwon bai cika bayyana ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In babu takarda da wuri, gobe za a ce ba daga haɗarin ba ne.

Alhaji na Tawa

Ɗiyata, sannu da arziki. Abin da yaron ga ya faɗi ilimi ne, ba ni ja da shi. Amma ni da na tsufa bisa hanyar Tawa zuwa Yamai, na ga dosiyen da anka aje har mai shi ya saida motar kuɗin ba su fito ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutumin ga ya tsaya, ya amsa laifinai, bai gudu ba, wanga mutumin kirki na. Ku zamna da shi da maigidanki da wani dattijo, a kai motar garajin da kunka yarda da shi, shi biya mai gyara da hannunai. Saba'in ta yi kaɗan, wanga gaskiya ta, amma a iya tada shi. Sulhu alheri ne.

Usta Tolye, Wadata

Baba Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan tsoma baki. Sulhu ba laifi, amma ba a sulhu kan abin da ba a gani ba. Hajiya ta ce kofur ba ya rufuwa. A wurinmu wannan alama ce ƙarfen da ke bayan parshok ya lanƙwashe, wataƙila har da gindin kofur inda tayar sakur ke zama. Hilux ta fi Corolla tsawo, dukanta sama yake sauka. Sai an kwance parshok a san gaskiyar aikin, kuma na sha ganin debi ya ƙaru bayan an kwance. In aka bar shi a karkace, damina na zuwa ruwa zai riƙa taruwa a kofur.

Hajiya, in asurans za ki bi, kada ki bari kowa ya taɓa motar kafin eksper ɗin kamfani, wato mai ƙiyasta ɓarna, ya gani. Ko fitila kada a canza. In ya zo, mai garajinki ya tsaya a wurin, a kwance parshok a gabansa. Ki sani kuma eksper yakan rage kuɗin sabon kaya saboda tsufan mota, don haka abin da za su rubuta zai iya gaza debinki. In kayan feray, wato na tsofaffin motoci, masu kyau za a sa, tazarar ba ta da yawa.

Ɗan Biro, Plateau

Baba ya yi gaskiya kan jinkiri, ba zan ɓoye ba, akwai dosiyen da ke daɗewa. Amma deklarasiyo ba ta hana sulhu. Ki yi ta tukuna. In mutumin ya yarda ya biya aikin duka, a rubuta, kowa ya sa hannu, kuma kada ki sa hannu kan cewa kin yafe komai alhali ba ki san halin wuyanki ba. In kamfani ya yi ta ja miki rai, akwai ofishin sa ido kan kamfanonin asurans a ma'aikatar kuɗi, ana kai ƙorafi can a rubuce.

Maman Nafisa, Yantala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je asibiti, likita ya ce jijiya ce ta ja, ya ba ni magani da takarda. Da safen nan na yi deklarasiyo, sun buga kashe, kuma akwai defans e rekur ɗin a kwantiragina. Baba Alhaji, maigida ya karanta maganarka, ya kira mutumin, za su haɗu a garaji bayan sallar Juma'a. Usta, tambaya ɗaya: kafin eksper ya zo, in ci gaba da tuƙa ta da fasasshiyar fitila, ko in ajiye ta in riƙa shiga taksi?

Usta Tolye, Wadata

Ki ajiye ta, Hajiya. Fitilar birki da kilinyota duk a cikin wannan gidan fitilar suke, na bayanki ba zai san za ki tsaya ko za ki juya hagu ba. Ki ɗauki hotonta ta kowane gefe da lambar motar a fili, ki rufe kofur ɗin da leda saboda ƙura.