Rumbun Ikkilisiya: Tanadi Ne Ko Ƙarancin Bangaskiya?

Mai Bishara:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Kwamitin jin ƙai ya kawo shawara a ɗauki baikon godiyar kaka na bana, a sayi masara da dawa a kulle a sito, ba za a buɗe ba sai watan Yuli. Ni ban yarda ba. Mai dogara ga Allah ba ya kulle abinci don tsoron gobe. A Matiyu 6:26 Ubangiji ya ce mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, amma Uba yana ciyar da su. A jeji ma, waɗanda suka rage manna don gobe sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Yau ɗin nan akwai gwauraye a cikinmu da ba su ɗora tukunya ba. A raba musu yanzu. Allahn da ya ba da na bana shi zai ba da na Yuli.

Baba Dattijo:
Ɗana, ka karanta Fitowa 16 har ƙarshenta. A rana ta shida Allah da kansa ya sa suka tara ninki biyu saboda Asabar, kuma wannan ajiyar ba ta ruɓe ba. Abin da ya yi tsutsa shi ne abin da aka ajiye bisa rashin biyayya. Sannan ina ka ajiye Yusufu? Kashi ɗaya bisa biyar na amfanin gonar Masar ya tara cikin shekara bakwai na ƙoshi, kuma Allah ne ya nuna masa yunwar tun ba ta zo ba. Mu ma ba mu buƙatar mafarki kafin mu san tamu. Kowace shekara daga Yuni zuwa Agusta take zuwa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Mama Shugabar Zumuntar Mata:
Baba, ka faɗi gaskiya. Ɗana mai bishara, bari in yi maka lissafin tukunya. Gida mai mutum shida, in za a ci sau biyu a rana, yana cin kusan tiya ɗaya. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne ko kusa da haka, wato kwana 40. Wata uku na tsakiyar damina kuwa buhu biyu da 'yan tiyoyi ne, ban da wake, ban da mai, ban da kuɗin niƙa. Da kaka, gwauruwa tana samun kala a gonaki, tana zuwa ɓarar masara ko roron wake a biya ta da hatsi, maƙwabta ma hannunsu a buɗe yake. A watan Agusta wa zai ba ta? A lokacin ne ake sayar da akuyar ƙarshe, a cire yaro daga makaranta, a ci bashin buhu ɗaya a biya biyu da kaka. Ga zazzaɓin cizon sauro kuma a daidai lokacin. In ka raba duka a Nuwamba, ka ba ta ne lokacin da take da ɗan abin sa wa a baki, ka hana ta lokacin da babu.

Wani Matashi:
Ai ko Littafi ya ce, tashi in taimake ka.

Baba Fasto:
Ɗana, wannan karin maganar mutane ce, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kada mu sa wa Allah magana a baki. In kana neman aya, ga Nehemiya 4:9: sun yi addu'a ga Allah, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Amma kada kowa ya rena maganar mai bishara, akwai abin tsoro a cikinta.

Mai Bishara:
Na gode, Baba Fasto. Ga abin tsoron. Yusufun da kuke kawowa, ku buɗe Farawa 47. Hatsin da aka tara shi aka sayar wa Masarawa har kuɗinsu ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, suka ba da gonakinsu, suka ba da kansu ga Fir'auna. Mai riƙe da mabuɗin sito a lokacin yunwa yana da iko a kan mutane, kuma Karin Magana 11:26 ta ce jama'a suna la'antar mai ɓoye hatsi. Na biyu, a ƙarshen Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi da hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi, mutane sun gudu sun bar amfanin gona a tsaye da rumbuna a cike. Rumbun wa ya bi shi zuwa Yola? Wawan mai arzikin nan na Luka 12 ma manyan rumbuna ya yi niyyar ginawa, a daren aka nemi ransa.

Baba Fasto:
Haka aka yi, kuma ba wanda zai ce wa waɗannan 'yan'uwa bangaskiyarsu ce ta gaza. Amma da suka isa Yola, dubbai sun sauka a harabar cocin Katolika ta St. Theresa, wasu a gidajen 'yan'uwa har Jos da Abuja. Da me aka ciyar da su? Da abin da wasu ke da shi a hannu. Haka ya faru a Ayyukan Manzanni 11, Agabus ya yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Wawan mai arziki da ransa kaɗai yake zance, babu maraya ko ɗaya a lissafinsa. Abin da Matiyu 6 ta hana shi ne damuwa. Mutum zai iya raba duka yau ya kwana da fargaba, wani kuma ya cika sito ya san in wuta ta cinye gobe zai iya faɗin abin da Habakuk ya faɗa, ko gonaki ba su ba da abinci ba, duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Wannan nake so mu koya wa jama'a, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsadar abinci ta girgiza gidaje da yawa.

Malamin Gona:
Iyayena, in za a yi, a yi shi daidai, don hatsin da ya lalace a sito ya fi ba da kunya. Abu na farko bushewa ce. Masara kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'ura, a sami busasshiyar kwalba, a zuba masara zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya, a rufe, a girgiza, a bar ta kamar minti 15. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da masarar rana. Danshi shi ke kawo funfuna, funfuna kuma ke kawo gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Na biyu, buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A hura kowace leda a tabbatar ba ta da huda. A bar hatsi ya huce daga zafin rana kafin a zuba. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ƙwari suna mutuwa ne saboda iska ta ƙare musu, don haka babu buƙatar magani. Kada wanda ya kusanci abincin gwauraye da maganin ƙwarin nan Sniper. Sinadarinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a toshe ramukan ɓera, don huda ɗaya ta isa ta mayar da ƙwari bakin aiki.

Ma'aji:
A kan maganar iko da ɗan'uwa ya kawo, ƙa'ida ce maganinta. Kwaɗo uku a ƙofa, mabuɗi ɗaya wurin dattawa, ɗaya wurin Zumuntar Mata, ɗaya wurin matasa. A rubuta sunayen mabukata tun da kaka, kafin yunwa ta sa kowa ya tuna shi ɗan ikkilisiya ne. Sulusi a ba gwauraye da marayu da marasa lafiya kyauta, sauran a sayar a kan farashin saye da kuɗin buhu da na dako kawai. Abin da ke kashe irin wannan rumbu abu biyu ne. Manya su karɓi buhu da sunan rance, a ji nauyin tambayarsu. Ko kuma kwamiti ya ga farashi na hawa, ya ce a ɗan ƙara jira. Ranar da aka faɗi haka, an shiga Karin Magana 11:26. Wata shekarar ma farashi faɗuwa yake yi, sai a sayar da asara, kada a riƙe don jiran riba.

Mai Bishara:
Mama ta rinjaye ni da lissafinta, amma ban sauka daga kan abu ɗaya ba. Kalmar nan "sai Yuli" a cire ta. Yakubu 2 ta hana mu ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ba mu ba shi komai ba. In mace ta zo a Fabrairu gidanta ya ƙone, ko maƙwabcinmu Musulmi ya zo yaransa sun kwana da yunwa, za mu nuna masa kalanda ne?

Malamin Gona:
Wannan mai sauƙi ne, Malam. Abin da ba a so shi ne a riƙa buɗe buhu ɗaya ana ɗiba, don duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. A ware buhu ɗaya cikin kowane biyar a zuba a ƙananan buhuna masu kilo 50, a jera su kusa da ƙofa don gaggawa. In an buɗe ɗaya, a rabar da shi cikin mako biyu ko uku, manyan kuma a bar su a ɗaure har damina ta yi nisa.