Aikin Blumberg ya iso Damagaram, ko a takarda ya tsaya?

Mushe Lawali: Assalamu alaikum. Gobe 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. An zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Baruch Blumberg, Ba'amurken da ya gano ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ni dai a ganina, cikin masu binciken cututtuka masu yaɗuwa babu wanda ya yi wa hantar ɗan Adam amfani kamarsa. Ya ga alamar ƙwayar a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, ya wallafa a 1965, a 1967 aka danganta ta da ciwon hanta, a 1976 ya karɓi kyautar Nobel. Duk ledar jinin da ake aunawa kafin a ƙara wa mai jego, albarkacinsa ne.

Abdul-Azizu: Mushe, Allah ya huci zuciyarka, amma an zuzuta. Ba ciwon hanta ya fita nema ba, bambancin jini tsakanin al'ummomi yake bincike. Har Najeriya ya zo a 1957 ya ɗebi jinin Fulani makiyaya. Allurar rigakafin nau'in B da aka fara amincewa da ita a Amurka a 1981, Maurice Hilleman ne da mutanensa a kamfanin Merck suka haɗa ta. Nau'in C kuma aikin Alter da Houghton da Rice ne, su aka ba Nobel a 2020.

Mushe Lawali: Ɗana, mutum nawa ne za su ga wannan alamar su wuce? Shi ya tsaya ya bi sawunta. Kuma tun 1969 shi da Irving Millman suka fito da dabarar haɗa rigakafi daga jinin masu ɗauke da ƙwayar. A kan wannan harsashin Hilleman ya yi gini.

Hajiya Ramatu: Ku bari unguwarzoma ta sa baki. Ni wanda nake gani a ɗakin haihuwa kullum shi ne Palmer Beasley, kuma ba a ko ambaton sunansa. Shi ne a Taiwan ya nuna cewa uwa na ba jaririnta ƙwayar a wajen haihuwa, kuma a 1981 ya nuna alaƙarta da dajin hanta bayan ya bi maza fiye da 22,000. Babba in ya kamu, galibi jikinsa na kore ta. Jariri kuwa, tara cikin goma tana zama masa ta har abada, ba ciwo ba alama, sai ya kai shekara talatin ko arba'in ciki ya kumbura. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Mu penta, allurar rigakafin cututtuka biyar har da ciwon hanta nau'in B, da Nijar ta fara a 2008 sai jariri ya kai sati shida ake soma ta. To ga mace ta haihu a gida a wani ƙauye can bayan Mirriya, ba a kawo mana yaron sai bayan suna, an yi aski, an cire belu, da askar da ta taɓa yara uku a safiyar. Ina buɗe karne, wato katin rigakafin yaro, in rubuta, amma awa 24 ɗin nan ta riga ta wuce.

Malam Isufu: Hajiya, kin taɓo mini inda ke ciwo. Yayana haka ya rasu, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya tashi. Wata shida muna jiƙa saiwa muna cewa shawara ce, wasu na cewa sammu. Da aka je likita sai aka ce hanta ta gama lalacewa. Mushe, ka gafarce ni, wannan Nobel ɗin me ya tsinana mana a Garin Malam? Awon da ke nuna yawan ƙwayar a jini ma ya fi ƙarfin talaka.

Abdul-Azizu: Allah ya jiƙansa, Baba. Akwai magani yanzu, tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya kashe cutar kwata-kwata, amma yana danne ta, hanta ta huta. Ba kowa ne ke buƙatarsa ba, likita ne ke tantancewa.

Mushe Lawali: Allah ya gafarta masa. Amma Malam, awon farko mai sauƙin nan da ake ɗiga jinin yatsa, abin da yake nema ita ce dai alamar da Blumberg ya gano. Da an yi wa yayanka shi tun yana saurayi, da an san halin da ake ciki. Rashin isowarsa da wuri laifinmu ne da na mahukuntanmu. Gambiya tun 1986 ta fara yi wa jarirai wannan rigakafin.

Hajiya Ramatu: Ban musa gano ƙwayar ba, Mushe. Abin da ban yarda da shi ba, a ce mutum ɗaya ya gama aikin, alhali mai ciki na zuwa awo sau huɗu ta koma gida ba ta san tana ɗauke da ita ba. Malam Isufu, ku da kuke uwa ɗaya da marigayin, an auna ku?

Malam Isufu: Ko ɗaya. Mu biyar ne, ga matarsa da 'ya'yansa.

Hajiya Ramatu: To duk ku je, har matanku. Wanda aka samu ba ya da ita a yi masa allura uku, wanda ke da ita a haɗa shi da likita. In akwai mai ciki a gidan, ita za a fara aunawa.