Taƙaitawar tattaunawa kan batirin mota da lantarkin nukiliya

1. Mafi yawa sun yarda cewa batirin motar lantarki bai cika kamawa da wuta ba, amma idan ya kama, kashe wutar yana cin ruwa mai yawa, kuma tana iya sake tashi bayan sa'o'i, don haka a ajiye motar da ta yi hatsari nesa da gida.

2. A guji cajar jabu.

3. Kan nukiliya ra'ayi ya rabu. Wasu sun kafa hujja da Faransa, wadda ke samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga gare ta, wasu kuma sun tuna hatsarin tashar nukiliya ta Canobil da ke Yukren a 1986 da na tashar Fukushima da ke Japan a 2011. A ganina, batun adana sharar nukiliya ne bai samu gamsasshiyar amsa ba.